Tsofaffin kayan wasan Wonderland da mutanen da ke cikin rigar katun

Baban Tagwaye, Kubwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina da tambaya ga waɗanda suka yi ƙuruciyarsu a Abuja, ko suke zuwa hutu wajen 'yan'uwa, musamman idan akwai wanda ya taɓa aiki a wuraren wasan yara.

Rana ta uku ga Ƙaramar Sallar da ta wuce na ɗauki tagwayena na kai su Magicland, wato wurin da mu muka tashi muna kira Wonderland, can gindin tsaunin Kukwaba, daura da babban filin wasa na ƙasa wanda yanzu ake kira da sunan Moshood Abiola. Rabona da wurin ya fi shekara goma. A 2007 aka buɗe shi, kuma a Sallar wannan shekarar ce kawunmu ya kwashe mu, mu biyar, ya kai mu. Na tuna a doguwar motar nan da ake ce wa ta El-Rufa'i muka shigo gari daga Kubwa, sannan muka ƙarasa a tasi, domin a lokacin an riga an hana acaɓa shiga tsakiyar birni. Aljihun sabuwar shaddata cike yake da naira ashirin-ashirin na leda, masu hoton Murtala, waɗanda a shekarar suka fito, kuma duk goron Sallah ne da na bi gida-gida na tara.

Abu uku na hau a ranar, kuma har gobe suna raina. Na farko shi ne babban kwalekwalen nan da ke lilo da mutane gaba da baya, wanda idan ya kai ƙarshen tashinsa ya juyo sai ka ji kamar an zare maka hanji. Yayata ta riƙe hannuna har sai da farcenta ya yi mini shaida, tana ta jan salati. Na biyu motocin karo, waɗanda a cikinsu ne na fara riƙe sitiyari a rayuwata. Na uku kuma jirgin da ke hawa sama a kan dogo, yana ƙas-ƙas-ƙas, kafin ya sako ƙasa da gudu. Da na koma da yarana sai na ga komai ya yi mini ƙanƙanta, na kuma kasa bambance abin da yake tun na zamaninmu da abin da aka kawo daga baya. Wannan ne ya jawo tambayata ta farko: idan irin waɗannan injuna suka tsufa, a nan ko a ko'ina, ina ake kai su? Shin gyara su ake ta yi ana sake fenti, ko kuwa akwai ranar da ake cewa wannan ya gama aiki?

Tambaya ta biyu ta fi ta farko damuna. A cikin hotunan mahaifiyarmu akwai wani da aka ɗauke ni a wani ƙaramin wurin wasa a cikin gari, ina tsaye kusa da ɓeran nan mai manyan kunnuwa, Mickey Mouse, ya ɗora farin hannunsa a kafaɗata, ni kuwa fuskata duk hawaye. 'Yata ta ga hoton ta tambaye ni wane ne a ciki, na rasa amsar da zan ba ta, domin shekara da shekaru ban taɓa kawo wa raina cewa mutum ne mai iyali da buƙatu yake tsaye cikin ranar nan ba. Su wa ke wannan aiki, kuma yaya cikin rigar yake? Sannan me ya sa duk wanda aka sa a bakin ƙofa baƙo ne daga talabijin ɗin Turawa, ba a taɓa ganin namu ba?

Tsohon Makaniki, Nyanya

Wa alaikumus salam. Ɗana, tambayarka ta farko ta faɗo gidana, domin na yi shekara goma sha ɗaya ina kula da injunan wani wurin wasa a nan Abuja. Ba wanda ka ambata ba ne, kuma ba zan kama suna ba, amma injin wasa duk inda yake halinsa ɗaya ne.

Bari in fara da ƙas-ƙas ɗin da ka ji. Wannan jirgi ba shi da inji a jikinsa. Sarƙa ce a tsakiyar dogon take jan sa har ƙololuwa, daga nan kuma nauyinsa ne kawai yake kai shi har ya zagayo, shi ya sa tudun farko kullum ya fi sauran tsawo. Ƙarar kuwa wani haƙorin ƙarfe ne a ƙarƙashin jirgin yake bin tsanin da ke gefen sarƙar yana faɗawa, ta yadda ko wuta ta ɗauke, ko sarƙar ta tsinke, jirgin ba zai gangaro da baya ba. Tayoyinsa kashi uku ne: na sama da ke ɗauke da nauyi, na gefe da ke hana shi zamewa a kwana, da na ƙarƙashin dogo da ke hana shi tashi. Birkinsa ma an yi shi ne a kulle, iska ce take buɗe shi, don haka idan iskar ta gudu sai ya damƙe jirgin maimakon ya sake shi. Nakan gaya wa iyaye masu fargaba cewa ƙarar nan da ke tsorata su ita ce alamar lafiyar injin. Ranar da jirgi ya hau shiru, ranar ce ni hankalina zai tashi.

Kwalekwalen da yayarka ta yi wa salati kuwa ya fi kowane sauƙi. Taya ce irin ta mota a ƙasansa, tana juyawa, duk sanda gindin kwalekwalen ya gogo ta sai ta ƙara masa turi, kamar yadda kake tura yaro a lilo. Idan ana so ya tsaya, ita dai tayar ce ke rage masa gudu. Motocin karo irin na da suna samun wuta ne daga ragar ƙarfen da ke rufi, ta sandar nan da ke bayan kowace mota, wutar ta sauka ta daɓen ƙarfen da suke gudu a kai. Tartsatsin da yara ke gani a sama daga nan yake. Da sassafe, kafin a buɗe ƙofa, aikina na farko shi ne in bi ragar nan da ido, in duba bakin kowace sanda, in sa yara su share daɓen, domin ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta sa mota ta riƙa tsayawa a tsakiyar fili.

Yanzu ga inda suke zuwa. Kusan duk waɗannan injuna daga waje ake shigo da su a kwantena, wasu daga Italiya, inda akwai tsofaffin kamfanonin wannan sana'a irin su Zamperla, wasu daga Sin, wasu kuma na hannu ne da suka riga suka yi aiki a Turai. Ƙarfen jiki yana daɗewa idan ana kankare tsatsa ana fenti, dawakin faiba ma ana like su a sake musu launi, wanda ya sa za ka iya tsayawa gaban dokin da ka hau kana yaro ba ka gane shi ba. Abin da ke kashe inji shi ne ƙananan kaya: boris, giya, bel, da akwatin wutar da ke sarrafa shi. Boris da bel ana samu a kasuwa, wani ƙarfen ma mai walda da mai injin sassaƙa za su yi maka irinsa. Amma idan akwatin wuta ya ƙone, kamfanin kuma ya ce ya daina yin irinsa, to magana ta koma ta dala. Shekarar da kawunku ya kai ku, dala ba ta kai naira 130 ba. A 2024 ta haura 1,500. Ka haɗa da kuɗin man janareta, domin babu mai hankalin da zai ɗora yara sama ya dogara da wutar gari kaɗai, sannan ka tuna cewa cinikin kirki a Sallah biyu ne da Kirsimeti da ranar yara ta 27 ga Mayu, sauran ranaku sai ɗan abin da ba a rasa ba a ƙarshen mako.

A wurin da na yi aiki muna da wani lilo mai kujeru rataye da sarƙa, wanda idan ya ɗauki gudu kujerun ke bajewa kamar laima. Wata safiya ina shafa giris na ga wani siririn layi a jikin waldar da ke riƙe da ɗaya daga cikin hannuwansa, bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Na goge da tsumma na zuba kananzir, sai na ga ya tsotse. Saura kwana huɗu Sallah. Na je na gaya wa manaja cewa wannan lilo ba zai ɗauki ɗan kowa ba, ya ce a ɗora walda a kai a rufe da fenti, ni kuma na ce sai dai a nemo wani makanikin ya sa hannu, domin tsagar da ta fito a fili tana da 'yan'uwa a ciki. Mun yi kwana biyu ba ma gaisawa, daga baya dai ya sa aka rufe shi da tamfol. A nan ya yi damina biyu, ana ciro masa mota yau, a ciro boris gobe, a sa wa 'yan'uwansa, har ranar da 'yan gwangwan suka zo da abin yanka ƙarfe suka auna shi a sikeli suka yi kasuwar panteka da shi. Kujerunsa biyu na roƙa aka bar mini, suna nan a tsakar gidana jikokina na zama a kai.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne muke haka. Babbar ƙafar nan mai juyawa da akwatunan zama, ta farkonta wani injiniya mai suna George Ferris ne ya gina ta don baje kolin duniya na Shikago a 1893. Tsayinta ya kai mita 80, tana da akwatuna 36, kowane yana ɗaukar mutum 60. An kwance ta an kai ta birnin St. Louis don baje kolin 1904, amma a 1906 nakiya aka sa aka rushe ta aka sayar da ƙarfen. Masu sa'a a cikin injuna su ne waɗanda ake sayar wa ƙaramin wuri a wani gari, su ci gaba da aiki da sabon fenti da sabon suna.

Maman Ɗalibai, Jos

Baba Makaniki, Allah ya saka maka da alheri a kan lilon nan da ka hana a kunna. Iyayen yaran da suka je wurin a wannan Sallar ba su san ka ba, amma Allah ya sani.

Ni a Jos na tashi, kuma mu yawon Sallarmu ya fi karkata ga dabbobi. Gidan zu da ke maƙwabtaka da gidan tarihi shi ne na kusa, kuma da tikiti kaɗan yaro zai wuni. Shi gidan tarihin tun 1952 yake, a harabarsa kuma akwai inda aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya da ƙasa, da kuma tsohon kan jirgi na siririn dogon da ya taɓa haɗa Zariya da Jos kafin a rufe shi a 1957. A wajenmu wannan kan jirgi shi ne babban abin wasa, ko da yake ko motsi ba ya yi. Idan mahaifinmu ya samu hali sai a tafi gandun namun daji da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, mu tafi da shinkafa a kula da tabarma, kowa da rigar sanyi a kan kayan Sallah idan Sallar ta faɗo a hunturu. Wurin wasan da ke ɗauke da sunan Solomon Lar kuma a can na fara ganin lilon ƙarfe da abin sulu waɗanda ba a makaranta suke ba.

Abin da nake so in ƙara a kan maganar Baba shi ne, ba lalacewar ƙarfe kaɗai ke raba yara da wurin wasa ba. Bayan rikicin Satumbar 2001 iyaye da yawa sun daina barin yara su tsallaka wasu unguwanni, kuma wurin da a da za ka ga 'yan Sallah da 'yan Kirsimeti suna bin layi ɗaya sai ya zama kowa yana lissafin hanyar da zai bi ya koma gida kafin magariba. Ƙawata ta aji, wadda tare muke zuwa kallon birai, ita ta zo mana Sallah ni in je musu Kirsimeti, sai da muka shekara shida ba mu haɗu ba, alhali tsakanin gidajenmu bai fi tafiyar minti ashirin ba. Yanzu da nake koyarwa, duk shekara ina kai 'yan ajina gidan tarihin, kuma da gangan nake haɗa su biyu-biyu ba tare da duba daga unguwar da suka fito ba.

Ɗan Cikin Riga, Gwagwalada

Yaya Baban Tagwaye, ni na yi wannan aiki, hutu huɗu a jere, lokacin ina karatu a jami'a. Ban taɓa ba da labarinsa a gida ba sai bayan na gama, amma tun da 'yarka ta tambaya, ya kamata ta samu amsa.

Yawancinmu ɗalibai ne da masu jiran sakamakon jarrabawa, da wasu magidanta da ke haɗawa da gadi ko wankin mota. Wani mutum ne mai haya da kayan biki yake da rigunan, shi yake kai mu wuraren wasa da bukukuwan makarantu, a biya shi, shi kuma ya sallame mu da yamma. Rigar kashi huɗu ce: gangar jiki mai gashi da aka cusa wa soso a ciki, takalma manya da ake zura ƙafa da silifas a cikinsu, safar hannu, sai kan. Safar ɓeran nan yatsu huɗu gare ta, don haka dole ka haɗa yatsunka biyu a rami ɗaya. Kan kuwa soso ne mai tauri da hular roba a ciki, kuma ba ta idanunsa muke gani ba, ta wata baƙar raga ce a cikin bakin. Saboda haka idan ka ga yana kallonka, ni a lokacin cikinka ko takalminka nake gani, kuma yaron da ya tsaya dab da ƙafata ba na ganinsa sam. Wannan ne ya sa muke tafiya muna jan ƙafa, don kada mu taka ɗan wani.

Zafi shi ne babbar jarrabawa. Wanda ya san ranar Abuja a watan Maris, ya ƙiyasta ta a cikin bargo da kwando a ka. Nakan jiƙa tawul in ɗaura a goshi kafin in sa kan, in sha ruwan leda biyu, kuma ƙa'ida ita ce bayan kamar rabin awa a shiga da kai bayan shago ka cire ka sha iska. Ranar Sallah kuwa, da layin masu hoto ya yi tsawo, ba kullum ake tuna wannan ƙa'ida ba, kuma na taɓa ganin abokin aikina ya sulale ƙasa a cikin rigar kyanwar nan Tom, yara suna ta dariya suna zaton wasa ne. Daga ranar muka yi alama tsakaninmu: duk wanda ya ɗora hannu biyu a ka, to a janye shi nan take.

Doka ta biyu ita ce ba a magana, domin da ka buɗe baki yaro ya ji muryar ƙato, shi ke nan ka rushe masa abin da ya zo gani. Wannan ya fi yi mini wuya idan na ji yara suna Hausa. Za ka ji uwa tana cewa je ka gaishe shi mana, yaron kuma ya ƙanƙame zanenta yana ihu yana cewa dodo ne. Abin da na koya shi ne in durƙusa har kaina ya yi daidai da nasa, in rufe idanun rigar da hannu kamar ni ne nake jin tsoronsa, in jira. Sau da yawa da kansa zai matso ya taɓa hancin. Mai yiwuwa wanda ke cikin hotonka bai samu wannan lokacin ba, domin mai hoto yana gaggawa, amma ina tabbatar maka hannun da ya ɗora a kafaɗarka lallashi ne, shi ne kaɗai abin da yake da ikon yi.

Akwai ranar da ba na mantawa. La'asar ta yi, na zaga bayan ɗakin janareta na cire kan na ajiye a kan benci, na zare safar, na tsuguna da buta ina alwala, sauran jikina duk yana cikin riga har da wutsiya. Ina ɗagowa sai ga wata yarinya da ba ta wuce shekara biyar ba, hannunta da jan lalle, ta biyo ni ba wanda ya lura. Ta dubi kan da ke kan benci, ta dube ni, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can sai ta ce, ashe kai ma kana salla? Na ce mata ƙwarai kuwa. Ta kwance bakin ɗankwalinta ta ciro alewa guda ɗaya ta ajiye kusa da butar, ta ce idan na idar in sha, ta ruga wajen uwarta. Da na koma fili na gan ta a layi tana ɗago mini hannu, kuma ban ji ta gaya wa sauran yaran abin da ta gani ba.

Malamin Hausa, Gwarimpa

Ɗan Cikin Riga, labarinka ya taɓa ni, Allah ya sa wahalar da ka sha ta zama silar buɗi. Zan ɗauki ƙarshen tambayar Baban Tagwaye, wato dalilin da ya sa ba a ganin namu.

Waɗannan baƙi ba da rana tsaka suka samu wannan matsayi ba. Mickey ya fito a fim tun 1928, Tom da Jerry tun 1940, kuma lokacin da Walt Disney ya buɗe Disneyland a Kalifoniya a 1955, ya gina wurin ne a kan abin da yara suka riga suka sani a majigi da talabijin. Wato katun ne ya fara shiga gida, sannan yaro ya ja iyayensa zuwa inda zai taɓa shi da hannu. Mu kuwa injunan muka sayo, muka haɗo da rigunan, ba tare da labarin da ya haife su ba. Akwai kuma batun haƙƙin mallaka da ba a cika kulawa da shi ba: siffar Mickey ta 1928 ce ta fara fita daga kariyar doka a Amurka a farkon 2024, amma siffarsa ta zamani da tambarin kasuwancinsa suna hannun kamfanin.

Ni a ganina Gizo ya fi kowa cancantar tsayawa a ƙofar wurin wasa a ƙasar Hausa, shi da matarsa Ƙoƙi, ga Kura da kwaɗayinta, ga Dila malamin daji, ga Ɓotorami. Babu wanda zai nemi ko sisi a hannunka don ka yi amfani da su, kuma kakanni za su gane su kafin jikoki. Misalin cewa abin mai yiwuwa ne yana nan kusa da mu, domin katun ɗin Bino da Fino, wanda Adamu Waziri ya ƙirƙiro, a nan Abuja aka yi shi, kuma yara a ƙasashe da dama sun kalle shi. Ba mu kuma rasa al'adar shiga wata kama don nishaɗi ba. Duk wanda ya ga tashe a watan azumi ya ga yara sun yi gemun auduga da tumbin tsumma suna bin gidaje.

Ɗan Cikin Riga, Gwagwalada

Malam, ina tare da kai a buri, amma akwai matsala guda da wanda ya sa rigar ne zai fi ganinta. Yaro yana gane ɓeran nan daga nesa saboda da'ira uku kawai, kai da kunnuwa biyu, ko da telan bai iya ɗinki ba. Gizo kuwa kowa da irin wanda yake gani a ransa idan an ce ga ta nan ga ta nanku. Wani gizo-gizo yake gani mai ƙafa takwas, wani kuma ɗan siririn mutum mai wayo. Sannan abin da aka san Gizo da shi bakinsa ne, tsamin bakin nan da daɗin zancen da yake yaudarar Kura da shi, mu kuwa an hana mu magana. Idan aka sa ni a rigar Gizo na tsaya shiru ina ɗaga hannu, yara za su ce dodo ne mai ƙafafu da yawa, su gudu. Sai dai a sake tsarin gaba ɗaya, a yi masa rumfa da tabarma, a bar shi ya yi magana, a sa mai iya tatsuniya a ciki maimakon ɗalibi mai neman kuɗin rajista. A nan kam zan so in ga yadda layin zai kasance.

Baban Tagwaye, Kubwa

Na gode ƙwarai, Baba Makaniki, Hajiya, Malam, da kai ƙanena. Jiya da daddare na karanta wa tagwayen labarin alwalar nan, sai da na maimaita shi sau biyu. Macen ta ɗauko hoton ta sa shi dab da fitila tana leƙen bakin ɓeran, wai ko za ta hango idon mutumin ta cikin ragar, namijin kuma tambayarsa ita ce ko an ba shi ruwa bayan an ɗauki hoton.

Baba Makaniki, ina da roƙo guda idan ba zan takura maka ba. Ranar Asabar mai zuwa ina da hanya ta Nyanya, kuma yaran sun ce suna so su ga kujerun lilon nan biyu da ke tsakar gidanka, su kuma ji daga bakinka yadda haƙorin ƙarfen yake riƙe jirgi. Idan ka amince, zan zo da su bayan la'asar.

Tsohon Makaniki, Nyanya

Ku zo, ɗana, gida naku ne. Ina da guntun sarƙar jirgin da haƙori ɗaya a cikin akwatin kayan aikina, zan fito da su in goge kafin ku iso, domin su ja da hannunsu su ji ƙarar.